Idan maganin raɗaɗi ya koma ƙara raɗaɗi: Abin da ya kamata a sani a jinyar masu ciwon daji

Raɗaɗi shi ne abin da masu ciwon daji da danginsu suka fi tsoro, wani lokaci ma fiye da cutar kanta. Bincike ya nuna cewa kusan mutum biyu cikin uku na waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu suna fama da ciwo, kuma idan ya tsananta babu abin da ke kwantar da shi kamar mofin da danginsa, wato rukunin magungunan da ake kira ofiyod. Ƙa'idar da aka saba da ita a asibiti mai sauƙi ce: idan ciwo ya ƙaru, a ƙara magani. Galibi kuma hakan yana biyan buƙata.

Sai dai akwai wani yanayi da ƙa'idar ke juyewa. A ƙara magani, ciwo ya ƙaru. A sake ƙarawa, ya bazu zuwa sassan jikin da cutar ba ta taɓa ba, har ta kai mara lafiya ba ya iya jure gogar mayafi a fatarsa. Likitoci na kiran wannan yanayi haifaraljiziya, ma'ana tsanantar jin raɗaɗi, kuma a nan maganin ne da kansa ke haddasa shi. Ba shi ne dalilin da ya fi yawa ba idan ciwo ya ƙi ji, amma rashin gane shi yana jefa mara lafiya cikin azabar da ake iya kauce mata. Wanda ya fi kowa damar hango shi da wuri shi ne ma'aikacin jinya da ke kwana yana tashi da mara lafiya.

Mene ne ofiyod?

Ofiyod suna ne da ya haɗa magungunan da ake samu daga wata tsiro mai suna fofi, da kuma waɗanda ake haɗawa a masana'anta don su yi aiki irin nasu. A farkon shekarun 1800 ne wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ƙaron wannan tsiro. A cikin rukunin akwai masu sauƙin ƙarfi kamar kodin da tiramadol, akwai kuma masu ƙarfi kamar mofin, oksikodon, fentanil da metadon.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kwantar da raɗaɗin ciwon daji mai hawa uku. A hawa na farko ana ba da irin su farasitamol. Idan bai isa ba a hau na biyu, inda kodin da tiramadol suke. Idan ciwo ya yi tsanani a hau na uku, wato mofin da makamantansa. Tsarin ya kuma koyar da cewa a ba da magani ta baki muddin zai yiwu, kuma a kan lokaci, ba sai mara lafiya ya fara kuka ba. Ruwan mofin na sha, alal misali, ana ba da shi ne duk bayan awa huɗu.

Yadda magani ke komawa ƙara ciwo

Raɗaɗi saƙo ne. Jijiyoyi ne ke ɗauko shi daga wurin da ya samu rauni, su bi da shi ta lakar ƙashin baya, su isar da shi ƙwaƙwalwa. Aikin ofiyod shi ne ya manne a wasu gurabe na musamman a jikin ƙwayoyin jijiya, ya rage ƙarfin saƙon kafin ya isa. To amma jiki ya ɗauki raɗaɗi a matsayin mai gadi, ba ya son a rufe masa baki. Kamar mai kira ne a tsakiyar kasuwa: idan ya ga ba a jin sa, sai ya ƙara ɗaga murya. A jikin wasu mutane, wannan ɗaga murya kan wuce gona da iri, har ta rinjayi aikin maganin.

Masana sun gano hanyoyi da dama da hakan ke faruwa. Ta farko ta shafi wani sinadari mai suna gulutamet, wanda ke zaburar da jijiyoyi ta wasu gurabe da ake kira NMDA. Daɗewa ana shan ofiyod kan sa waɗannan gurabe su ƙara kaifi, ta yadda ɗan ƙaramin saƙo zai zama babba. Ta biyu ita ce ƙaruwar wani sinadari a cikin laka mai suna dainofin, wanda ke taimaka wa saƙon raɗaɗi wucewa. Ta uku kuma, akwai hanyoyin jijiya da ke saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa, wasu na danne raɗaɗi, wasu na ƙarfafa shi, kuma maganin kan karkata ma'auni zuwa ga masu ƙarfafawa. Haka nan wasu ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyi suna kare su kan farka su riƙa fitar da sinadaran kumburi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mofin. Idan ya shiga jiki, hanta kan sarrafa shi zuwa manyan sinadarai biyu. Ɗaya, wanda ake kira M6G, yana kwantar da ciwo. Ɗayan, M3G, ba ya kwantar da komai, sai ma zaburar da jijiyoyi. Dukansu ta ƙoda suke fita. Saboda haka idan ƙoda ta yi rauni, ko mara lafiya ya bushe don rashin shan ruwa ko yawan amai, sai su taru a jini.

Tun yaushe aka san da shi?

Lamarin ba sabo ba ne. Tun a 1870 wani likita a Ingila, Clifford Allbutt, ya rubuta damuwarsa kan marasa lafiyar da ake yi wa allurar mofin kullum, yana tambaya ko maganin ba ya ciyar da ciwon da ake neman kashewa da shi. Sai a shekarun 1990 ne gwaje-gwaje a kan dabbobi suka fara bayyana yadda abin ke faruwa a cikin laka.

A shekarar 2000 wani bincike a Faransa ya nuna cewa waɗanda aka ba su remifentanil mai yawa lokacin tiyatar ciki sun fi jin ciwo bayan sun farfaɗo, kuma sun fi buƙatar mofin, fiye da waɗanda aka ba kaɗan. A daidai wannan lokaci, wata ma'aikaciyar jinya kuma mai bincike a Amurka, Peggy Compton, tare da abokan aikinta, sun gwada mutanen da suka daɗe suna shan metadon don rabuwa da jarabar ƙwaya. An sa su tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, sai aka ga sun fi saurin janye hannu fiye da waɗanda ba sa shan komai. Wato duk da suna ɗauke da magani mai ƙarfi a jini, juriyarsu ga zafi ta ragu.

Abubuwa huɗu masu kama da juna

Idan raɗaɗin mai ciwon daji ya ƙaru alhali yana shan ofiyod, akwai manyan dalilai huɗu da ake dubawa, kuma kowanne da irin maganinsa.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne ci gaban cutar: ƙari ya girma, ko ya kai ƙashi, ko ya danne jijiya. A nan ciwon yakan tsaya a wuri ɗaya da mara lafiya zai iya nunawa da yatsa, kuma gwaji ko hoto kan bayyana dalili.

Na biyu shi ne sabo. Jiki ya saba da adadin da ake ba shi, aikin maganin ya ragu. Ciwon shi ne dai na da, a wurinsa na da, kuma idan aka ƙara magani yakan lafa.

Na uku shi ne yankewar magani, walau don ya ƙare, ko babu kuɗin saya, ko an tsallake lokaci. Wannan kan zo da gumi, hamma, zubar hawaye da majina, murɗar ciki, zawo da ciwon gaɓoɓi, kuma yakan wuce da zarar an mayar da maganin.

Na huɗu shi ne tsanantar jin raɗaɗi. Bambancinsa da sabo shi ne babban abin lura: a sabo ƙarin magani na taimakawa, a nan kuwa ƙarin magani ke ƙara rura wutar, raguwarsa kuma ke kawo sauƙi. Babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da shi. Ana gane shi ne ta hanyar lura da mara lafiya da kuma bin diddigin abin da aka rubuta kwana da kwanaki.

Alamomin da ake lura da su

Ciwon yakan canza kama. Wanda a da yake cewa ƙugunsa ne ke ciwo, sai ya koma cewa duk jikinsa ne, ya kasa nuna wuri. Yakan kwatanta shi da ƙuna, ko zugi, ko sukar allurai. Abin da bai isa ya yi zafi ba sai ya zama azaba: shafa mai, goge jiki da tsumma, juya shi a kan gado, ko ɗaura abin awon jini a dantse. Allurar da a da yake jurewa sai ta sa shi ihu.

Sau da yawa wasu alamomi kan biyo baya, masu nuna cewa maganin ya fara damun jijiyoyi: fizgar tsoka kamar mai zabura cikin barci, rashin natsuwa, ruɗewa, sambatu ko gane-gane. A wasu gidaje akan fassara irin wannan da taɓin iska ko kusantowar ajali, alhali kuwa abu ne da ke iya warwarewa cikin 'yan kwanaki idan aka gyara magani.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ake ba shi magani mai yawa, ko aka yi ta ƙara masa cikin gaggawa, musamman ta jijiya, da mai raunin ƙoda, da tsoho, da kuma wanda ya daɗe yana amfani da irin waɗannan magunguna tun kafin a gano cutar.

Aikin ma'aikatan jinya

Likita kan zagaya ɗakin marasa lafiya sau ɗaya ko biyu a yini. Ma'aikacin jinya kuwa shi ke ba da magani, shi ke wanke gyambo, shi ke jin nishin tsakar dare. Shi ya sa gano wannan yanayi ya fi rataya a wuyansa. Ba abin mamaki ba ne cewa Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan kula da masu cutar ajali na St Christopher's a Landan a 1967, kuma ake ɗauka a matsayin uwar wannan fanni, da aikin jinya ta fara kafin ta zama likita.

Matakin farko shi ne iya tambaya. A ƙasar Hausa, amsar "yaya jiki?" ita ce "da sauƙi", ko da mutum bai runtsa ba. Dauriya abin yabo ce, kuma kunya kan hana mace ko dattijo bayyana ciwo a gaban suruki ko 'ya'ya. Don haka gaisuwa ba ta isa awo ba. Ana amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba. Ga wanda lissafin bai zauna masa ba, akan yi amfani da yatsun hannu ko hotunan fuskoki. Sai a tambayi wurin ciwon, da kamanninsa, da abin da ke tayar da shi. Abin da mara lafiya ya faɗa shi ne abin dogaro, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na biyu shi ne rubutu. Ana zana wurin ciwo a kan hoton jikin mutum, a rubuta makin raɗaɗi kafin magani da bayansa, a kuma ƙirga sau nawa aka ba da ƙarin magani na gaggawa, wanda yawanci yake kashi ɗaya cikin shida na abin da ake sha a yini. A ɗauki misalin mai ciwon dajin mama da ya kai ƙashin baya, tana shan mofin miligiram 10 duk awa huɗu, makin ciwonta 4. Cikin mako guda aka ninka mata har sau biyu, amma makin ya hau 8, ciwon ya sauka ƙafafu da hannaye, tana ƙin a taɓa ta. Wanda ya zo aikin dare kaɗai zai ga mace ce mai buƙatar ƙarin allura. Wanda ya duba takardar mako guda zai ga layi biyu suna hawa tare, na magani da na ciwo. Wannan hawa tare shi ne babbar shaida, kuma ba ya bayyana sai an rubuta, an kuma miƙa bayani yadda ya kamata lokacin canjin aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi a bakin gado: a shafa auduga a hankali a fatar da ke nesa da wurin cutar. Idan mara lafiya ya ji zafi maimakon taɓi, to akwai abin dubawa. Ana kuma lura da yawan fitsari da shan ruwa, da neman a auna lafiyar ƙoda. Daga nan sai a sanar da likita da bayani dalla-dalla, domin canza magani hukuncinsa ne.

Yadda ake magance shi

Hanya ta farko ita ce rage maganin sannu a hankali, ƙarƙashin kulawa. Ba a yanke shi lokaci guda, domin hakan zai haifar da wahalar yankewa a kan wahalar da ake ciki.

Ta biyu ita ce sauya wani ofiyod da wani, kamar daga mofin zuwa fentanil, bufirenofin ko metadon. Idan za a sauya, likitoci kan lissafa adadin da ya yi daidai da tsohon, sannan su rage kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, saboda jiki bai saba da sabon ba. Metadon na da fa'ida ta musamman domin yana toshe guraben NMDA, amma yana daɗewa a jiki kuma yana iya taɓa bugun zuciya, don haka sai ƙwararre. Ketamin, wanda aka fi sani a ɗakin tiyata, shi ma yana toshe waɗannan gurabe, kuma akan ba da ɗan kaɗan daga cikinsa a asibiti.

Ta uku ita ce rage dogaro da ofiyod ta hanyar haɗa shi da wasu dabaru: farasitamol, magungunan kumburi idan ƙoda da ciki za su ɗauka, gabafentin ko amitiriftilin don ciwon jijiya, deksametason idan ƙari ya danne wani abu, gashi da na'ura idan cutar ta kama ƙashi, ko allurar kashe jijiyar da ke ɗauke da ciwon. Ƙarin ruwa na taimaka wa ƙoda fitar da abin da ya taru. Ana kuma guje wa fetidin a jinya mai tsawo, domin abin da yake bari a jini na iya jawo farfaɗiya; haka ma allurar fentazosin, wadda ta yawaita a asibitocin Nijeriya, ba ta dace da wanda ke kan mofin ba, don tana iya rushe aikinsa.

Tsoro, rashin barci da damuwar kuɗin magani duk suna ƙara nauyin ciwo. Zama da mara lafiya a yi masa bayani wani ɓangare ne na maganin, musamman da yake da wuya mutumin da ke cikin azaba ya yarda cewa rage masa magani shi ne alheri.

Abin da ya rataya a kan dangi

A asibitocin ƙasar nan, dangi ne ke zaman jinya, su ne kuma ke sayen magani. Tausayi kan sa wani ya je kyamis ya sayo tiramadol ya ƙara wa mara lafiya a ɓoye, ko ya ninka abin da likita ya rubuta. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido: lissafin ma'aikata ya rikice, haɗari kuma ya ƙaru, musamman da yake tiramadol ɗin da ke yawo a bayan fage kan kai miligiram 200 zuwa sama, alhali wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi 50 ne da 100.

Abin da ake buƙata daga mai zaman jinya shi ne ya faɗi duk abin da mara lafiya ke sha, har da na gargajiya. Ya bayyana idan ya taɓa amfani da kodin ko tiramadol a baya, ba tare da jin kunya ba. Ya rubuta lokutan shan magani idan a gida ake jinya. Kuma ya gaggauta sanarwa idan ciwo ya bazu, ko fizga da ruɗewa suka bayyana, ko fitsari ya ragu. Barci mai nauyin da ba a iya tayar da mutum daga shi, tare da numfashi a hankali, alama ce ta gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take.

Kada tsoro ya hana magani

Duk da wannan bayani, babbar matsalar masu ciwon daji a Nijeriya ba yawan mofin ba ce, rashinsa ne. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ana samun sababbin masu cutar fiye da 120,000 a ƙasar duk shekara, kusan 80,000 kuma na rasuwa, da yawansu sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci kashi 1 cikin ɗari kacal suke samu na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa a duniya.

A ɗaya gefen kuma ga annobar shaye-shaye. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 na amfani da ofiyod ba bisa umarnin likita ba, kuma a 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wannan ya sa wasu iyalai, har da wasu ma'aikatan lafiya, ke ɗari-ɗari da mofin, suna ganin ko dai zai jefa mutum jaraba ko kuma alama ce ta an sallama shi.

Ƙasar Yuganda ta nuna cewa ana iya haɗa samar da magani da kiyaye shi. Bayan kafa cibiyar Hospice Africa Uganda a 1993, an fara haɗa ruwan mofin mai araha a cikin ƙasar, kuma a 2004 doka ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. Ginshiƙin tsarin shi ne horo: sanin lokacin da za a ƙara, da lokacin da za a tsaya a sake dubawa.

Mafi yawan masu ciwon daji da ke shan mofin bisa ƙa'ida suna samun sauƙi, su yi barci, su ci abinci, su yi hira da iyalansu. Ga 'yan kaɗan da ciwonsu ke hawa tare da maganin, tambayar da ya kamata a yi kafin a ɗauko wata allura ita ce: ina ciwon yake yau, ina yake makon jiya, kuma me ya faru bayan ƙarin da aka yi na ƙarshe?